Ranar da Na Roƙi Aljanu Gafara

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a tsakiyar damina ba, ranar da ƙaryata ta kira ni da sunana.

Shekara goma sha tara ina riƙe da katunan marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Tudun Wada. Ina son aikina kamar me. Baban Kati ake ce mini, don kafin mace ta gama sallama na zaro katinta. Kwatsam aka kawo mana kwamfuta, aka ajiye ta a ɗakin da ke gindin tsamiya, aka ce kati ya gama yayi. Ba wanda ya gaya mini inda za a kai ni. Na tsorata ƙwarai, na ga aikina zai salwanta.

Sai na ƙirƙiro aljanu (Allah ya yafe mini). Na dinga raɗa wa ma'aikata cewa ina jin takun sawu a ɗakin. Mu kuwa a wurinmu ba a yi wa babba musu. Wata biyu ba wanda ya yarda ya zauna ciki.

Ranar nan kusan kowa ya tafi taron horo a sakatariya, ni na ce kaina ke ciwo. Bayan azahar hadari ya haɗo, gari ya yi duhu, asibiti tsit, sai ƙofar ɗakin nan da ke ta buɗewa tana rufewa. Na je in ja ta. Ina kama ta, wata siririyar murya ta fito daga ciki:

"Baban Kati... shigo."

Na zube a bakin ƙofa ina roƙo.

"Ku yi mini rai! Wallahi ƙarya na yi muku, ban taɓa jin motsinku ba! Kwamfutar nake tsoro, kada a kore ni!"

Can sai dariyar jama'a ta ɓarke daga cikin ɗakin.

Ashe shugabarmu ce, Hajiya Rabi. Ta bar kwamfutar a kunne, suka haɗa da ita daga wurin taron don gwaji, kyamararta ta ɗauko ni, suna kallon hotona tar a jikin bango (har da baƙi daga Kano).

Washegari ta kira ni, ta ce, "Haba Baba, da ka tambaya mana. Ai kai za ka shigar da katunan nan, wa ya san su in ba kai ba?"

Yanzu ni ke zaune a ɗakin, sunana kuma ya koma Sarkin Aljanu. Na dai koyi cewa in tsoro ya kama ka a wurin aiki, ka faɗa wa mutane tun da wuri. In ka ƙi, aljanu za ka faɗa wa, a gaban kowa.