Sai Kwaleji

A zamanin Turawa, Potiskum ta yi manyan mutane, amma babu wanda ya kamo ƙafar Mallam Bunu a fagen sanin ciki da wajen ɗan Adam. Shi ma haka yake faɗa, kuma mutum irinsa ba ya ƙarya sai da dalili.

Asalinsa dillali ne a Kasuwar Shanu. Ya ƙware wajen ɗaga leɓen sa ya duba haƙori, ya matsa tozo, ya ja wutsiya. Wata rana Baturen dabbobi ya ga ya lallashi wani bijimi mai faɗa, sai ya yi dariya ya ce masa ya iya “saikoloji”, wato ilimin sanin halayya. Kunnen Mallam Bunu ya jiyo “sai kwaleji”. Nan take ya gane cewa akwai ilimin tantance yaron da zai je kwaleji, kuma Bature da bakinsa ya shaida shi ne gwaninsa. Washegari ya sayi tabarau marar gilashi ɗaya, ya dasa kujera a ƙofar makarantar gari. Mutane suka raɗa masa Sarkin Ƙoƙon Kai. Ya ɗauka sarauta ce.

Aikin ba wuya. Yaro ya cire hula, Mallam ya zuba masa ranƙwashi, ya kara kunne. In kai ya ce “dum”, kan kimiyya ne. In ya ce “ƙwal”, fanko ne.

“Jama'a,” in ji shi, “lissafi nauyi gare shi, kamar gishiri a buhu. Kan da ke amo ba zai riƙe shi ba. Ta kunne zai tsiyaye!”

Abin haushin, yaran suka yarda. Waɗanda aka ce musu “dum” suka fara saƙala fensir a bayan kunne suna tafiya da ƙyar, wai kada ƙwaƙwalwa ta girgiza. 'Yan “ƙwal” kuwa, da an fara lissafi sai su toshe kunnuwa da yatsa don kada ya zube, suka daina jin malami gaba ɗaya.

Cikin 'yan “ƙwal” har da Halliru, ɗan Ummuhani mai ƙosai ta unguwar Yindiski. Yaron nan tun yana ƙarami ba ya barin fitila ko kwaɗo bai kwance ba, kuma burinsa ɗaya: makarantar koyon injina da ke wajen Jos. Da Mallam ya ce masa fanko, sai ya koma gida ya kyautar da 'yan ƙarafunansa, ya ce shi kiwo zai yi. Ga shi Baturen makarantu na nan tafe don zaɓen waɗanda za su tafi, hedimasta kuma surukin Mallam ne, ba ya iya musa masa.

Ranar zaɓen, Mallam ya zo da babbar riga mai sitaci, ya yi jawabin da ba wanda ya roƙe shi. Ummuhani ta bar kaskonta ta jawo ɗanta gaba.

“Baba Bunu, a sake bugawa. Ranar nan aski ya yi.”

“Ke, Uwar Halliru, kai ba ganga ba ne da za a sake ɗaure shi.” Ya ɗaga hannu ya sauke a kan Halliru. Ƙwal! Har na bayan layi sun ji. Ya juya ga Baturen makarantu. “Ranka ya daɗe, ka ji da kunnenka. Ko kaza ba za ta yi ƙwai a ciki ba.”

Bature ya ƙare wa Mallam kallo. Sannan ya cire malafarsa, sanƙo ya bayyana yana ƙyalli, ya sunkuyo.

“Mallam, buga nawa.”

Gumi ya karyo wa Mallam. Ya so ya ɗan shafa kawai, amma hannun da ya saba da bijimai bai san lallaɓawa ba.

Ƙwal!

Wata tsohuwa ta yi salati. Mallam ya dubi sama, ya dubi ɗan dokan da ya rako Bature, ya gyara tabarau.

“Allahu Akbar! Jama'a, wannan shi ne amon kimiyya tsantsa! Ilimi ne ya cika ya daskare har yake ƙara kamar ƙarfe!”

“To, alhamdu lillahi,” in ji Ummuhani. “Ai sak irin na ɗana. Ko kuwa na Bature ne fanko, Baba Bunu? Faɗi da ƙarfi, kunnena ba shi da kyau.”

Mallam ya ce dama gwada imanin yaron yake yi. Bature ya yi wa Halliru tambayoyi, ya amsa, aka ce ya shirya kayansa.

Mallam ya raka Bature har mota, yana tambaya ko a wane fannin kimiyya ya fi shahara a Ingila.

Bature ya shafa ƙulun da ya fara tasowa a kansa.

“Ni? Faɗuwa na yi a lissafi, Mallam. Shi ya sa aka turo ni duba makarantu.”