Kyamarar da Ba Ta Barci

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da motar Babana ta tona mini asiri a gaban Hajiya ba. Motar gado ce, ta girme ni, kuma har yau ƙamshin turaren marigayin bai bar kujerunta ba. Wata rana na sayo kyamarar gaban mota wurin wani Bakano a kasuwa, don in riƙa ɗaukar hanya. Sai dai lokacin da aka ƙera motar, ba wanda ya yi tunanin za a jona mata wani abu. Babu soket ko ɗaya. Na ɗauko filaya na haɗa wayar kai tsaye da batir (ni malamin adabi ne a lise, wato makarantar sakandare, ku yi mini uzuri). Ban lura ba cewa abin da bai bi ta kontak, wato makullin tayar da mota, ba, kashe mota ba ya kashe shi.

Ina da wata ɗabi'a. Bayan la'asar nakan shiga motar a ƙofar gida, in rufe gilashi, in yi ta gwada abin da zan faɗa wa Madam Rabi mai koyar da labarin ƙasa. A lakol ɗin da muke koyarwa, iyakata da ita "ina kwana". A mota kuwa har mun yi aure, mun dasa dabino, mun tsufa.

Da malamai muka je yawo Gidimuni, na ɗauko tafkin garin da kyamarar: ruwa lumui kamar madubi, inuwar dabino kwance a kai, fararen tsuntsaye na tashi a hankali. Madam Rabi, wadda ke kirana Mushe irin na Faransanci, ta ce, "Mushe, mahaifiyata a can aka haife ta, ga ƙafa ta hana ta tafiya. Ko za ka kawo ta gani?"

Na sha guga, na tafi gidansu. Mahaifiyarta Hajiya na kishingiɗe a kan kilishi, Rabi ta jona katin kyamarar a tele. Na gyara zama a kan tabarma irin na mai kawo tafki gida.

Abin da ya fito katangar gidanmu ce, da akuyar maƙwabta tana tuƙa. Sai wata murya, a sanyaye:

"Rabi, duk taswirar da kika zana a allo, ni hanyar gidanku nake nema a ciki."

Akuya ta ɗago kai. Muryar ta yi gyaran murya.

"A'a, wannan ya yi nauyi. Rabi… ran da ba ki zo ba, har alli ba ya kama allo."

A gaban uwar mace, mu da ko sunan 'yarta ba mu iya kamawa! Na sunkuyar da kai. Rabi ta ja gyale ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ta miƙa hannu za ta kashe.

"Bar shi," in ji Hajiya. "Tafkin na san shi tun ina yarinya. Wannan ne ban taɓa gani ba."

Ta saurara har na kai ga dasa dabino, sannan ta dube ni.

"Yaro, akuya ba ta ba da aure. Kana da manya?"

Na ce da tabarma, "Akwai Kawu."

Yanzu Rabi ke zama a kujerar gaba. Na kai motar garaji an bi da wayar ta kontak, na kuma koyi cewa in za ka yi mafarki a farke, ka fara cire batir. Hajiya dai har yau ta ƙi mayar mini da katin.