Hular Surukina Mai Kunne

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na hau moton surukina Illa ba, wato babur ɗinsa. Ku tambayi duk Deule, ni mace ce mai kunya. Shekara goma sha biyu yana auren ɗiyata ta fari, bai taɓa jin muryata ba sai a gaisuwa, ita ma ta bayan zana. Ɗiyar kuwa tun da na haife ta ban kama sunanta ba, "wance" nike cewa. (Matan yanzu har hira suke da surukai, Allah shi kyauta.)

To, sai wance ta haihu a Buza. Ba ranar kasuwa ba ce, babu mota, dole Illa ya zo da kansa. Na sa ƙullin garin kunu da daddawa tsakanina da shi, na hau ina kallon gefe. Kansa ƙasa ya miƙo mini hular kwano, kaski suke ce mata. Malamin dabbobi ne, ashe wurin aiki anka haɗa hulunan biyu, babu waya babu zare, don shi da abokin aikinsa su riƙa magana bisa hanya. Wa ya gaya mini?

Da na ji kaina ruf cikin kwano, iska na huu, moto na ruri, sai na ce yau na samu ɗakin da ba kowa. Na saki baki.

Gangaren dutse na fari na ce, "Wanga yaro tuƙi yake ko sussuka?" Na faɗi yadda kunnuwansa suke kamar na zomo. Na yi wa ɗiyata waƙar da nike mata tana goye, yau kuwa har da sunanta ƙarara, Hadiza, Hadizata, har sau nawa. (Murya dai ina da ita, wannan ko maƙiyi ya sani.) Illa bai ko motsa ba.

Da munka hango Buza zuciyata ta yi sanyi, na ɗaga hannu guda. "Allah ka bar mini yaron nan. Kunnuwa dai ga su, amma bai taɓa sa ɗiyata kuka ba. Wallahi ya fi mini wasu da na haifa."

Sai wata murya cikin kunnena, a hankali: "Amin, Inna."

Na yi salati, na zabura, ƙullin daddawa ya yi ƙasa. Ya taka birki, ya sauka ya ɗauko, bai dube ni ba.

"Tun yaushe kake ji?" Ban da gaisuwa, maganata ta fari ke nan da shi.

"Tun Deule, Inna. Na manta ban kashe ba, kuma na ji kunyar in faɗi. Amma addu'a ba a barinta ba amin."

Da ƙasa ta tsage da na shige, da kaskin da komai.

Har yau bai gaya wa kowa ba, ko matarsa. Ni ce nike ba da labarin, don ku san irin surukin da na samu. Ranar suna ma sai na ji an raɗa wa jinjira sunana.

Yanzu duk abin da za a kifa mini a kai, ko ƙwarya ce, sai na tambaya ko tana da kunne.