Yadda Ake Mayar da Kowane Ekran 4K da Fatar Baki

Ɗan'uwa mai shagon kayan kwamfuta, jawo benci ka zauna. Ni ne Babani, ina sayar da ekran, wato allon kwamfuta, a Adjame ta Abidjan tun lokacin da ake yin su da ƙatuwar ƙeya kamar tukunyar biki. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, duk ekran ɗin da ya tsufa a kantarka zai zama 4K kafin la'asar, ba ka kwance ko noti ɗaya ba. Ɗalibina Nazir, mai shago wajen unguwar Bracodi, ya bi su sau da ƙafa, don haka da shi zan riƙa yi maka misali.

Mataki na 1: San gaskiya, don ka san ta inda za ka kauce mata

Hoton ekran ɗigo-ɗigo ne ƙanana da aka jera. In sun yi yawa hoto ya fito tar, in sun yi kaɗan ya yi dishi-dishi. 4K na gaske yana da ɗigo sama da miliyan takwas. Naka, wanda ya zo a kwantena daga kamfanin da kai kanka ba ka iya faɗin sunansa, da ƙyar ya haura miliyan ɗaya.

Riƙe wannan a ranka. Kada ka faɗa wa ko matarka, domin mata suna da ƙanne, ƙanne kuma suna sayen kwamfuta.

Mataki na 2: Rubuta kwali

Rubuta 4K da manyan baƙaƙe, yadda mai wucewa a woro-woro, taksin haya, zai hango. A ƙarƙashi, da rubutu kamar sawun tururuwa, ka sa kalmar Faransanci guda: *compatible*. Ma'anarta, in an turo masa hoton 4K ba ya ƙi, zai karɓa ya matse shi ya nuna abin da ya sawwaƙa. Kamar motar gbaka ce: tana ɗaukar fasinja ko nawa ne, amma ba ta taɓa cewa kowa zai sami wurin zama ba.

In fili ya rage a kwalin, ƙara Ultra, Super da Max. Ba su da ma'ana, shi ya sa ba a taɓa kama kowa da su ba.

Mataki na 3: Nuna kifi

Ƙure haske har ƙarshe, ka saki bidiyon kifaye masu launi suna iyo. Ba wanda ya san ainihin kamannin kifin, balle ya ce an rage masa wani abu. Tare gaban ekran da kwalaye don mai saye ya tsaya nesa. Rubutu kuwa kada ka kuskura ka buɗe. Rubutu ɗan tonon asiri ne.

Mataki na 4: Zaɓi mutuminka

Guji samarin nan masu wasan kwamfuta, waɗanda Faransancinsu ya fi Hausarsu gudu. Nemi dattijo mai yarda da mutane.

Nazir ya sami nasa. Malam Sayyadi ne, mai karantar da manya a wani ƙaramin masallaci a Williamsville, direbobi da teloli da 'yan kasuwa, bayan la'asar. Mahaifinsa ya bar masa littattafai rubutun hannu, takardun sun fara ruɓewa saboda laimar Abidjan, sai aka ɗauki hotonsu aka zuba a kwamfuta. Yana son babban ekran yadda na sahun baya ma za su ga kowane harafi.

"Ɗana," in ji Malam, "ni ban san kan waɗannan abubuwa ba. Wanda ke fitar da ɗigo nake so."

"Allah gafarta Malam, ai kun zo gida. Wannan 4K ne, Ultra kuma. Ku dubi kifin nan."

"Masha Allah. Har da gashin baki."

Aka ɗaure kwali, aka sa a taksi.

Mataki na 5: In ya dawo, laifin na wani ne

Zai dawo. Fara da wayar da ke haɗa shi da kwamfuta, ka ce ta jabu ce. In ya sake dawowa, ka ce wutar unguwarsu ba ta da ƙarfi. Kana iya ɗora wa damina ma. Sai an ƙure ka sannan za ka fito da babban makami, wato idon mai saye.

A zuwa na uku Malam ya taho da ekran ɗin da kwamfutar gaba ɗaya, ya buɗe shafi a gaban Nazir.

"Duba nan. Ba'un ɗigo ɗaya gare shi a ƙasa, ya'un biyu. Jiya na karanta wa mutane wannan a madadin wancan, sai da wani direba ya gyara mini."

Nazir ya dubi shafin. Ɗigon sun narke sun haɗe kamar an zuba musu ruwa. Ya gyara murya ya ce, "Ni kam ina ganinsu tar, Malam. Ga ɗaya, ga biyu. Yako, sannu, amma yaushe rabonku da gwajin ido?"

Malam ya sunkuya kan shafin. Ya murza idonsa da bakin rawani, ya sake dubawa, ya daɗe.

"Shekaru ne ke nan," ya ce a hankali. "Na gode da ka faɗa mini gaskiya."

Ka ga aiki. Ko zancen mayar da kaya bai sake tasowa ba.

Mataki na 6: Kada nasarar ta yi yawa

Nan ne Nazir ya fara zamewa. Malam ya koma ya tara ɗalibansa ya ce ya ajiye karantarwa, domin wanda ba ya bambance ɗigo ɗaya da biyu bai kamata ya zauna gaban mutane da littafi ba. Manyan mutane masu furfura suka yi ta share hawaye. Matarsa Barira ta hana shi tsallaka titi shi kaɗai, ta dinga cika masa kwano da karas har ya fara ƙin cin abinci.

Sai ga shi a ƙofar shago da sassafe.

"Ɗana, kai ka fara gano ciwon nan. Kai za ka raka ni wurin likita a Treichville, ka yi mata bayani."

In haka ta same ka, ka ce kana da tafiya Bouaké, motar ma ta kusa tashi. Nazir bai iya ba. Ya rufe shago ya bi shi. Da suka hau gada, Malam ya manna fuska a tagar mota yana kallon ruwa da jiragen kamun kifi.

"Bari in kalla da kyau," ya ce, "tun ina iyawa."

Nazir ya ce mini gumin da ya yi a kan gadar nan ya isa a yi alwala.

Mataki na 7: Tsaya a waje

A asibiti akwai benci a baranda, an yi shi ne don irinka. Nazir ya bi Malam har ciki.

Likitar, Dakta Firdausi, ta zaunar da Malam gaban allon gwaji. Ya karanta layin sama, ya karanta na tsakiya, ya gangaro har na ƙasa, sannan ya ƙara mata da sunan maɗaba'ar da ta buga allon, can a kusurwa.

"Baba, me kuka ce yana damunku?"

Ya ba ta labarin ɗigo. Shafin yana cikin wayarsa, ta ce ya turo, ta buɗe a ekran ɗin teburinta. Ga ba'un da ɗigonsa ɗaya, ga ya'un da biyu, har inda alƙalamin mahaifinsa ya ɗan karce takarda ana gani.

"Baba, idonku ya fi nawa. Wa ya ce muku kuna makancewa?"

Malam ya juya a hankali, ya nuna da haɓa. "Ga likitan farko nan."

Mataki na 8: In an ce za a yi maka addu'a, gudu

Zagi ba ya kashe ɗan kasuwa, mun saba. Amma Malam bai yi zagi ba, bai ce a mayar masa da komai ba. Ya dai gayyaci Nazir ranar da zai koma karantarwa. Masallaci ya cika. Ya sanar da cewa idonsa lafiya lau, aka yi kabbara. Sannan ya ɗaga hannu.

"Ku taya ni yi wa ɗana Nazir addu'a, shi ya kai ni asibiti. Allah ya nuna masa hanyarsa, duniya da lahira, daidai yadda ekran ɗin da ya ba ni ke nuna rubutu."

Jama'a suka ce amin da ƙarfi, har da masu shafa masa kai. Nazir hannu a sama, baki a buɗe, amin ta maƙale.

Ranar ko garba, abincin nan na rogo da kifi, bai iya ci ba. Washegari ya zaga Adjame ya nemo 4K na gaske, ya ɗauko shi a ka har tsakar gidan Malam, ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, ga wannan. Don girman Allah a canza addu'ar nan."

Malam ya sa aka haɗa. Ya buɗe shafi, ya bi shi harafi-harafi da yatsa, ya ja baya har bakin ƙofa ya sake karantawa. Sannan ya dubi Nazir.

"Addu'a ba sai an canza ta ba, ɗana. Ekran ɗin da ka ba ni na ce. Yanzu kana iya cewa amin."

Ya ce amin har sau ba adadi. Tun daga ranar ya lalace: ainihin yawan ɗigo yake rubutawa a kwali, har yana buɗe wa mai saye rubutu da kansa. Na cire shi daga cikin ɗalibaina.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk abin da ya biyo baya, walau dawo da kaya, ko taron jama'a a ƙofar shago, ko rakiyar dattijo asibiti. In an tambaye ni, ban san ka ba, ban taɓa ganin shagonka ba. Wanda kuma aka yi wa addu'a ya ɗauki abarsa shi kaɗai, kada ya zo neman in taya shi da amin.