Rasuwar Kawu Mai Tari, Rediyon Kan Taga

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, mai ɗinkin nan ta gidan da ke kallon famfo, mahaifiyar ɗan kwana-kwanan da ake ce wa Auta, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da masu kawo ɗinki rasuwar rediyon oba-oban gidanta, wanda jikoki ke kira Kawu Mai Tari. Ya rasu a kan tagar ɗakin ɗinki, inda ya yi zaman duniyarsa, bayan doguwar jinya. Batirinsa a cike yake, jar fitilarsa tana ci, amma ya tafi.

Marigayin ya shigo gidan ne a aljihun maigidanta, Allah ya jiƙansa, wanda ya tsufa yana tuƙa motar kwana-kwana. Tun a wurin aiki madannin maganarsa ya mutu, yana kawo maganar mutane amma ba ya kai ta kowa. Aka ce a jefar da shi. Maigidan ya ce ai irinsa matarsa ke nema, wanda zai ba ta labari kuma ba za ta iya yi masa faɗa ta cikinsa ba.

An hana ma'aikata hira a layin aiki, don haka suka yi wata yarjejeniya su biyu. In ya fito daga wuta lafiya, sai ya danna madannin nasa rediyon sau biyu, bai ce uffan ba. Ƙas-ƙas. Wanda ya ji zai ɗauka iska ce ta taɓa layi. Ita kuwa ta san mijinta ne ke cewa yana numfashi. Da maigidan ya rasu, Auta ya gaji takalman aikin, ya gaji ƙas-ƙas ɗin.

Duk unguwa ta san yadda abin yake. Da Kawu ya yi tari aka kira mota, ƙafarta na sauka daga keken ɗinki, ko da allura na tsakiyar wuyan riga. Ba ta sake takawa sai ta ji ƙas-ƙas. Mai shagon da ke jikin bango yakan ce shi ba ya buƙatar labarai, in keke ya yi shiru akwai wuta a gari, in ya tashi an kashe ta kuma Auta na nan.

Ana yi wa marigayin kyakkyawar shaida. Bai taɓa neman komai ba sai caji. Ba ya shiga magana sai ya yi gyaran murya, abin da ya jawo masa sunansa ke nan. Ya faɗo daga taga ba sau ɗaya ba, eriyarsa ta karye aka ɗaure ta da baƙin zare, bai yi ƙorafi ba. Jikoki sun ɗura masa shayi don tarinsa ya warke, ya kwana a rana ya tashi. Kuma bai taɓa yi mata ƙarya ba, sai da ciwo ya ci ƙarfinsa.

Ciwon ya fara ne da mutanen tsallaken kogi suka kafa dogon ƙarfen sadarwarsu a kan tudu. Tun daga ranar Kawu ya soma magana da bakin da ba nasa ba. 'Yan kwana-kwanansu da masu motar asibitinsu duk suka zubo cikin layi ɗaya da na nan. Har yau tana jin su a kunnenta.

"Mota ta biyu, kuna ina? Oba."

"Muna bakin gada da mai naƙuda."

"Wace mai naƙuda? Kai wane ne a layinmu?"

"Layin gidanku ne? Baba, sauka mana don Allah, matar nan ba za ta jira ka ba."

Da farko dariya ake yi. Aka daina ranar da aka ce titin kasuwa na ci da wuta, motar su Auta ta isa da jiniya ta tarar da masu tumatir suna kallonta. Ashe can ma suna da titin kasuwa. Manyan nan da manyan can suka yi ta zama. Auta ya ce kowane ɓangare cewa yake shi ya riga hawa layin, ɗayan ne zai matsa, sai a sha ruwan roba a ɗauki hoto a watse. Ita ba ta san yadda ake raba iska ba. Ta dai goge wa Kawu ƙura, ta sauya masa taga, ta ƙara ɗaure eriya. Ba abin da ya sauya.

Sai ranar gobarar 'yan katako, da rana tsaka. Hayaƙin har daga bakin famfo ana hango shi. Ta zauna hannu a cinya, muryoyi na hawa kan juna, ba ta gane na nan ba ta gane na can. Can wajen la'asar ta ji ƙas-ƙas, tsaf, ba ko tari. Ta yi hamdala, ta taka keke. Mai shago ya leƙo ya yi mata barka. Ta gama hannun riga, ta kama ɗaya hannun, sai ga surukarta, matar Auta, a bakin ƙofa, mayafi a karkace, ta ce Inna ki taso, yana asibiti.

Katako ne ya faɗo wa Auta a hannun dama, hayaƙi ya cika masa ƙirji. Bai danna komai ba. Da ya iya magana ta tambaye shi, to wa ya danna? Ya ce ai sun jima suna jin wani a tsallake yana yin haka bayan kowace wuta, har abokan aikinsa na yi masa tsiya wai ya yi ɗan uwa. Ba su san sunansa ba. Ya ce, da alama shi ma yana da mai jiransa a gida.

Ta dawo ta daɗe tana kallon Kawu. Ba ta san sau nawa ta yi hamdala a kan ɗan wata ba. Ba ta san sau nawa wata uwa can ta ji na Auta ta sauke ajiyar zuciya ba, alhali nata na cikin hayaƙi. Rigar nan har yau ba ta iya gama ta ba.

Bayan gobarar manya suka daidaita. Aka raba wa kowa sabbin rediyo, kowane gari da layinsa, a kulle, wanda ba ma'aikaci ba ba ya jin komai. An ce hakan ya fi, kuma ta yarda, don mota ba za ta sake zuwa wurin masu tumatir ba. Amma muryoyi suka yi ta barin Kawu ɗaya bayan ɗaya, kamar gidan da ake kwashe kaya. Ta kai shi wurin mai gyara, ya buɗe, ya rufe, ya ce Hajiya lafiyarsa ƙalau, masu magana ne suka tashi.

Maganarsa ta ƙarshe da hantsi ya yi ta. Auta na zaune a gabanta yana koyon cin abinci da hagu. Kawu ya yi tari, ya ce ƙas-ƙas, can ƙasa-ƙasa. Suka dubi juna. Ta yi hamdala duk da haka. Daga nan sai shuuu, har yau.

Ya rasu ya bar caja ɗaya mai lanƙwasasshen baki, da baƙin zare, da keken ɗinkin da bai san lokacin tsayawa da na tashi ba. Ya bar jikoki suna tambaya ko a ƙara masa shayi. Ya bar Auta, wanda hannunsa ya warke ya koma aiki. Auta ya yi alkawarin kiran waya, amma waya a mota suke barin ta, kuma in an kashe wuta akwai naɗe tiyo, akwai wanki, akwai mantuwa. Ya ce har yanzu yana dannawa, hannunsa ya saba. Ba ta ce masa ya daina ba.

Za a yi wa marigayin sutura da ƙyallen da ya rage na rigar nan, ranar da Auta ke hutu, a kwantar da shi a akwatin maigidan kusa da hular aikinsa. Ba za a cire batir ba. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin ɗinki. Wanda ya zo ya ji jiniya ta wuce, ya tarar keke a tsaye, kada ya tambaye ta labari, ba ta da shi. Ya nemi wuri ya zauna a jira tare.

In kuma akwai mai zuwa tsallake, a taimaka a nemi matar da ke jiran mai ƙas-ƙas ɗin can, uwa ce ko mata, a gaya mata ranar da Kawu ya yi maganarsa ta ƙarshe nata ya fito lafiya, an ji shi a nan, an yi masa hamdala. Abin da ya biyo baya, a nan ma ba a sani ba.