Mai Aski Ya Je Neman Abokiyar Gaba

"Ni fa in na karanta littafi, wanda ya rubuta shi ma sai ya zo ya tambaye ni abin da yake nufi!"

Gwani ke nan, mai aski a layin shaguna, mutumin da bakinsa ya fi injinsa ƙara. Ka san irinsu: ka shiga a rage maka suma, ka fito da ciwon kunne. Ƙanwarsa ce ta manta wani littafin soyayya mai ban dariya a shagon, labarin wasu ma'aikatan ofis biyu da ba sa ga maciji da juna, ƙarshe suka yi aure. Gwani ya karance shi, shi ke nan layi ya shiga uku.

"Wannan ba labari ba ne, darasi ne," yake gaya wa wani dattijo da ya danne wa kai. "Soyayya daga faɗa take farawa. Aibinsa ɗaya: akwai wani sakarai a ciki, mai shisshigi, kullum yana bin yarinyar yana shan kunya. An ɓata takarda a kansa. Ni tsallake shi nake yi."

"To, ka kula da kunnena dai," in ji dattijon.

Abin da Gwani bai faɗa ba, kowa ya sani. Ya daɗe yana mutuwar son mai kantin maganin da ke kallon shagonsa, amma in ta gaishe shi sai harshe ya ɗaure. Yanzu ya samo dabara: zai zama abokin gabarta.

Da ya gaya wa ƙanwarsa, ta ce, "Yaya, ai tana da abokin gaba. Ba ka jin yadda suke kwasa da mai walda kullum a kan ƙarar injinsa?"

"Ke yarinya ce. Wancan ƙiyayya ce ta gaske, ba irin ta littafi ba."

Da safe ya tattara gashin da ya aske, ya share shi tas zuwa ƙofar mai kantin maganin, ya tsaya ya riƙe ƙugu yana jiran zagi. Ta fito, ta duba, ta kwashe.

"Sannu da aiki, maƙwabci. Iskar nan ba ta kyauta mana."

Gwani ya koma kamar ya yi kuka. Wace irin mace ce ba ta san an tsokane ta ba?

Washegari ya juya lasifikarsa ta kalli kantinta, ya ƙure. Ta fito a fusace, zuciyarsa ta yi fari. Sai ta wuce shi kamar turke, ta nufi mai walda.

"Kai, Ƙarfen-Kai! Yau kuma kiɗa ka ƙaro mana?"

"Ni? Ke Uwar Allura, kunnenki ne ke buƙatar magani!"

Suka yi ta yi, Gwani na tsaye yana ɗaga hannu. "Ni ne fa! Lasifikata ce!" Ko kallo bai ishe su ba.

Sai ya tuno babin da saurayin ya yi karo da budurwar, shayi ya zube mata a riga. Ya cika kofi da shayi mai tururi, ya laɓe a kwana yana jiran mai kantin maganin. Da ya ji takun tafiya ya yi wuf ya fito, ya gwabza da ƙirjin mai walda. Mutumin ko gezau, shayin kuwa duk a jikin Gwani ya ƙare. Ita mai kantin ce ta shafa masa maganin ƙuna.

"Bawan Allah, ka riƙa tafiya a hankali. Kai da ba ruwanka da kowa."

Wannan magana ta fi shayin ƙona shi. Ya rantse sai ta tsane shi ko ana ha-maza ha-mata. Ya yi sammako ya gicciye babur ɗinsa a ƙofar kantin, ya ɗaure shi da sarƙa a jikin ƙyauren, ya shige shago yana leƙe ta labule.

Ta iso, ga masu sayen magani na jira, ƙofa ba ta buɗuwa. Kafin Gwani ya gyara kwalar rigarsa ya fito a yi wadda za a yi, mai walda ya iso da injin yankan ƙarfe.

"Matsa, kada tartsatsi ya taɓa ki a ce da gangan na yi."

"Yau dai ƙarar nan taka ta yi rana."

Ya datse sarƙar, ya ɗaga babur ɗin kamar kujerar roba ya jingina shi da kwandon shara. Ta dube shi, ya dube ta, sai suka tuntsire da dariya. Gwani ya san wannan dariyar. A littafi ya karanta ta.

Ba a daɗe ba mai walda ya shigo shagon ya zauna, baki har kunne.

"Gwani, askin ango za ka yi mini. Amarya ta ce lallai kai, don kai ne silar komai."

Ƙanwar Gwani na gefe, ta zo karɓar littafinta. Gwani ya wurga mata shi.

"Ɗauke shirmenki! Ƙarya ce zalla a ciki!"

Ta buɗe, ta miƙo masa shafukan da bai taɓa karantawa ba.

"Ba ƙarya ko ɗaya, Yaya. Kana ciki tun daga farko, kai ne kake ta tsallake kanka."