Alhaji Nadabo Na Neman Sunan Japan

A garin Kura in kana neman injin ban-ruwa, kowa zai nuna maka shagon Alhaji Nadabo, amma ba kowa ne zai yarda ya raka ka ba. Injinansa a ido ba su da makusa, jan fenti sai ƙyalli yake, kuma Alhaji zai rantse maka da girman Allah daga Japan aka ɗauko su. Sai ka kai gona, inji ya yi sati biyu yana aiki, a na uku ya kama tari kamar tsohon mashayin taba, daga nan ya yi shiru. To ga rani ya gabato, lokacin da manoman shinkafa ke sayen inji, Alhaji ya cika sito da kaya, ga wani sabon shago an buɗe a tsallaken titi, kuma magana ta fara yawo a majalisa cewa kayan Alhaji jabu ne. In ranin nan ya wuce bai sayar ba, shago ya mutu. Hankalinsa ya tashi ƙwarai.

Da wani ne, da kayan zai canza. Shi Alhaji allon shago ya ga ya kamata a canza. Ya ce abin da ya rage masa kawai shi ne suna irin na Japan, a zana shi da rubutunsu manya-manya a saman ƙofa, duk mai shakka ya gani ya kama bakinsa.

Akwai wani dattijo ɗan Japan da ake kira Baba Sakai, masanin noman shinkafa, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana aiki da manoman yankin har Hausa ta zauna a bakinsa. Alhaji ya sa babbar riga, ya fesa turare, ya same shi a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya a bakin gona tare da manoma huɗu. A cikinsu akwai Malam Tanimu, wanda bara shinkafarsa ta ƙone tana gab da fitar da kai saboda injin Alhaji. Alhaji ya gaishe shi sama-sama, kamar bai taɓa ganinsa ba.

Baba Sakai ya saurari buƙatar, ya ɗauki tsinke ya fara zane a ƙasa. Ya ce a ƙasarsu faɗin suna da baki bai isa ba, sai an ga zanen da aka rubuta shi da shi, domin kowane zane da ma'anarsa. Ya ba da misali da nasa. Akwai masu suna Sakai da zanensu ke nufin rijiyar gangare, akwai waɗanda nasu ke nufin kan iyaka, akwai kuma waɗanda nasu rijiyar giya ce. Manoma suka fashe da dariya, ya yi maza ya ce shi dai na gangare ne. Sannan ya zana wani ɗan murabba'i, ya raba shi gida huɗu, ya ce wannan gonar shinkafa ke nan, ya zana layi uku a tsaye ya ce kogi. Yawancin sunayensu, in ji shi, daga irin waɗannan aka haɗa su: tsakiyar gona, gindin dutse, bakin kogi.

Alhaji ya taɓe baki. Shi da ya taso yana jin Japan kamar wata aljannar injina, ashe duk sunan ƙauye suke amsawa. Ya ce shi ba gona ya zo nema ba. A zana masa zaki, a haɗa da zinariya, in da wuri a ƙara sarki, in kuma allon zai ɗauka a sa masa babban kogi a ƙarshe tunda harkar ruwa yake yi. Ya ma riga ya yi magana da mai fenti.

Baba Sakai ya tambaye shi a hankali, wa zai karanta wannan rubutu a Kura?

"Ai shi ne daɗin abin, Baba," in ji Alhaji. "Ba wanda ya iya. Su dai su ga zane su san kaya na asali ne."

Dattijon ya goge zanensa da tafin hannu. Mutum ne mai kunya, ba ya son ya ce a'a kai tsaye, amma kuma ba ya son hannunsa ya shiga ƙarya. Ya ce zai zana, sai dai a bi yadda suke yi. Su mutum ba ya zaɓar suna don abin da yake sha'awar zama. Kakanninsu abin da ke kusa da gida suka duba, abin da maƙwabta suka san gidan da shi, shi ya zama suna. Shi ya sa in ka ga sunan mutum a rubuce, kamar ka ga ƙofar gidan kakansa ne.

Alhaji ya gyara hula, ya ce wannan mai sauƙi ne. Ya shiga lissafa abin da aka san shi da shi: shagonsa mai ƙofa uku, motarsa, zuwansa Makka sau huɗu, da kujerar da ake ajiye masa a gaba duk ɗaurin auren da aka yi a garin. Ya yi ta zuba, manoma na kallon ƙasa.

"Waɗannan duk kai ka faɗa, Alhaji," in ji Baba Sakai. "Ni na maƙwabta nake tambaya. In an ambaci sunanka, me mutane ke gani?"

Alhaji ya buɗe baki zai amsa. Malam Tanimu ya riga shi, ya miƙa hannu ya nuna inda aka goge zanen gonar.

"Baba, mayar masa da gonar nan, amma ka zana ta a bushe. Wannan ko ba mu je Japan ba, duk Kura mun iya karanta shi."